Libarba ko fistol: wacce ya kamata a rataya wa ɗan sanda?

Kwanan nan na ji wasu mutum biyu suna gardama a kan hoton wani ɗan sandan Japan da libarba a ƙugunsa. Na farko yana mamakin yadda ƙasar da ke ƙera motoci da kwamfuta za ta bar jami'anta da bindigar kaboyi mai cin harsashi biyar. Na biyu ya ce ai libarba ita ce bindiga, ba ta cijewa har abada, kuma harsashinta ɗaya ya isa ya ɗaga ƙato ya maka shi da ƙasa.

Dukansu sun yi kuskure. Abin da ya dame ni shi ne irin wannan kuskuren ba ya tsayawa a majalisa, yana bin mutane har teburin da ake sa hannu a kwangilar sayen makamai.

Ga matsayina. Ɗan sandan da aikinsa ke haɗa shi da masu ɗauke da makami, abin da ya fi dacewa da shi shi ne fistol mai ɗura wa kanta harsashi, mai cin milimita 9, a sa mata harsashi mai buɗewa, wato wanda bakinsa ke bajewa in ya shiga jiki. Amma da sharaɗi. Duk rundunar da ta saye ta, wajibi ne ta biya kuɗin horo, da kube mai kyau, da makanikin bindiga, da harsashin atisaye duk shekara. Wadda ba za ta iya ba, gara ta bar jami'anta da libarba, domin fistol a hannun wanda ba a horar ba haɗari ce gare shi da mutanen da aka ce ya tsare.

Bambancin a taƙaice

Libarba tana da wata ganga mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Idan aka ja kunama, yatsan mai harbi ne ke yin aikin duka: ya juya gangar, ya ɗaga gudumar, ya sake ta. Shi ya sa kunamarta take da tsawo da tauri, sai an yi jan da ya kai nauyin kilo biyar ko kusa da haka.

Fistol kuwa harsasanta suna jere a cikin magazin da ke cikin ƙota. Ƙarfin harbin ne ke tura murfin sama baya, ya fitar da kwanso, sifirin ya dawo da shi gaba, ya kwaso sabon harsashi. Ja ɗaya, harbi ɗaya, ba kamar yadda wasu ke zato ba cewa tana zuba wuta kamar mashinga. Fistol ɗin da ake kira Glock 17 tana ɗaukar 17 a magazin, kunamarta kuma wajen kilo biyu da rabi ce.

Wato ɗaya tana da harsashi kaɗan da kunama mai wuya, ɗayar tana da harsashi da yawa da kunama mai sauƙi. Duk gardamar daga nan ta taso.

Abin da ya kori libarba daga Amurka

Shekaru da dama ɗan sandan Amurka ba shi da abin da ya wuce libarbar kamfanin Smith & Wesson ko Colt mai cin harsashi shida na samfurin .38 Special. 'Yan sandan jihar Ilinoi sun koma fistol tun 1967, amma sauran ba su bi su ba sai da aka binne mutane.

A watan Afrilun 1970, a Newhall da ke Kalifoniya, mutum biyu suka kashe 'yan sandan babbar hanya huɗu cikin ƙasa da minti biyar. Na ƙarshensu, James Pence, ya harbe shidansa, ya durƙusa yana zura harsashi ɗaya bayan ɗaya a cikin ganga, sai maharin ya zagayo ya harbe shi. A 1986 haka ta faru da Scott Gadell a birnin New York, shi ma yana cikin ɗura libarbarsa aka kashe shi.

Ɗura libarba aiki ne na yatsu. A buɗe ganga, a ɗaga bakin bindiga sama, a bugi sandar fitar da kwanso, a juyo da ita ƙasa, a saita harsasai da ramuka, a rufe. An ƙirƙiro wani ɗan zobe mai riƙe shida a zuba su lokaci ɗaya, ya rage wahalar, amma har yanzu sai hannu biyu masu lafiya da natsuwa. A fistol kuwa, a danna maɓalli tsohon magazin ya faɗi, a cusa sabo, a saki murfi. Mai horo yana yin haka cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ko a cikin duhu.

A artabun Miami na 11 ga Afrilun 1986, jami'ai takwas na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu. An harbi ɗaya daga cikin jami'an, Gordon McNeill, a hannu, jininsa ya shiga gangar libarbarsa, ya kasa sake ɗura ta. Adalci ne a faɗi cewa da libarba wani jami'in, Edmundo Mireles, ya ƙarasa faɗan, yana da mummunan rauni a hannu ɗaya. Amma jami'ai biyu sun riga sun mutu, biyar sun ji rauni.

"Ai libarba ba ta cijewa"

Akwai gaskiya a nan, ba zan musa ba. Idan harsashi ya ƙi tashi a libarba, sake jan kunama kawai za a yi, ganga ta kawo na gaba. Ba ruwanta da ƙarfin albarushi, mai rauni da mai ƙarfi duk za ta harba. Ana iya harba ta daga cikin aljihu, ko an danna bakinta a jikin mutum yayin kokawa. Fistol idan aka danna bakinta da ƙarfi, murfin yana iya ja baya kaɗan ta ƙi tashi.

Fistol kuma tana da laifuffukanta sanannu. Kwanso yakan maƙale a bakin tagar fita. Harsashi biyu sukan yi karo wajen shiga. Wanda ya riƙe ta da sanyin hannu, murfin ba zai samu abin tokara ba, ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba. Akasarin waɗannan matsaloli daga magazin suke: leɓensa ya lanƙwashe saboda faɗuwa a siminti, ko sifirinsa ya gaji, ko ba a cusa shi ya zauna daram ba.

Sai dai a lura da abu ɗaya. Cijewar fistol yawanci a nan take ake warware ta, a bugi gindin magazin, a ja murfi a saki, a ci gaba. Ita libarba ba ta cika cijewa ba, amma ranar da ta cije sai an kai ta wurin makaniki. Sandar fitar da kwanso takan warware da kanta ta hana ganga buɗewa. Ƙwayar albarushin da bai ƙone ba, in ta shige ƙarƙashin tauraron da ke ɗaga kwanso, ganga ba za ta rufu ba. Idan bindigar ta faɗi da gefe, hannun da ke riƙe da ganga yana iya karkacewa, ramin da bututun su daina haɗuwa daidai, ta riƙa feso ɓarɓashin dalma ta gefe. A ciki libarba kamar agogo take, ƙananan sassa ne da ake gogawa da hannu kafin su dace. Sassan fistol ta zamani kuwa cirewa ake yi a sa sabbi.

Saboda haka maganar ita ce: libarba tana jure a ajiye ta a manta da ita, fistol tana jure a wahalar da ita. Rundunar da ke aiki da bindigoginta tana kuma duba su, ta biyun za ta fi yi mata amfani.

"Babban harsashi shi ke kayar da mutum"

Wannan ita ce maganar da ta fi cin kuɗin jama'a a banza.

A fara da suna. Harsashin .38 Special da na .357 Magnum da na milimita 9 faɗinsu kusan ɗaya ne, duk wajen milimita tara. Bambancin yana ga nauyi da gudu. Tsohon .38 na 'yan sanda nauyinsa giram 10, yana fita da gudun wajen mita 250 a daƙiƙa. Na milimita 9 mai giram 8 yana yin wajen mita 350, domin matsin wutar da ke cikin kwansonsa ya ninka na .38 sau biyu. Na .45, wanda ya fi su faɗi, ya kai giram 15, amma a hankali yake tafiya.

Babu ɗaya a cikinsu da ke ɗaga mutum. Ƙarfin turin da harsashi ke kai wa wanda aka harba bai wuce shurin da bindigar ta yi a hannun mai harbin ba. Da zai iya kayar da wancan, da wannan ma ya faɗi. Abin da ke tsayar da mahari shi ne harsashi ya isa inda ya kamata, ko kuma shi maharin ya karaya ya daina.

Miami ce ta koya wa FBI wannan, sai dai da farko sun ɗauki darasin a karkace. Tun farkon faɗan, harsashin milimita 9 na jami'i Jerry Dove ya ratsa damtsen Michael Platt, ɗaya daga cikin 'yan fashin, ya shiga ƙirjinsa, ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya kai zuciya. Rauni ne na mutuwa, amma Platt ya ci gaba da harbi har ya kashe Dove da abokin aikinsa Benjamin Grogan. Harsashin mai sauƙin nauyi ne, an ƙera shi ya buɗe da wuri, shi ya sa bai nutse sosai ba.

Hukumar ta ɗora laifin a kan milimita 9 gaba ɗaya. Ta koma milimita 10, aka ga shurinsa ya fi ƙarfin jami'ai da yawa, aka rage masa albarushi. Daga nan aka haifi harsashin .40 S&W a 1990, rundunoni da yawa a Amurka suka bi sahu. Bayan shekara ashirin da wani abu, sashen horon FBI ya fito a 2014 ya ce harsasan milimita 9 na zamani suna yin aikin da .40 ke yi, jami'ai sun fi samun saiti da su, bindigogi sun fi daɗewa, kuɗin ma ya fi sauƙi. A 2016 suka ba Glock kwangilar fistol mai cin milimita 9. An zaga an dawo inda aka tashi.

Abin kirkin da ya fito daga wannan zagayen shi ne ma'auni. FBI ta kafa gwajin da ake harba harsashi cikin daskararren jelatin mai kama da tsokar mutum, dole ya nutse inci 12 zuwa 18, wato wajen santimita 30 zuwa 46. Ana maimaita gwajin bayan harsashin ya ratsa tufafi masu kauri, da farantin ƙarfe, da katako, da allon bangon ɗaki, da gilashin gaban mota. Wanda bai kai 12 ba yana iya tsayawa kamar na Dove. Wanda ya zarce 18 yana iya fita ta baya ya samu wani. Mai sayen harsashi ga runduna, wannan sakamakon ya kamata ya nema a gani, ba girman lambar da ke jikin kwali ba.

Shi .357 Magnum yana da ƙarfi, ba shakka. Amma ƙararsa da walƙiyarsa da shurinsa suna sa matsakaicin jami'i ya riƙa runtse ido kafin harbi. Abin da rundunoni suka riƙa yi shi ne atisaye da .38 mai laushi, a fita aiki da Magnum, wato ranar tashin hankali jami'i zai harba abin da hannunsa bai saba da shi ba. Bayan Newhall an soki wannan ɗabi'ar sosai.

Harsashi mai buɗewa

Wasu na ƙyamar harsashi mai rami a baki, suna cewa ai tun taron ƙasashe da aka yi a birnin Heg na ƙasar Holan a 1899 aka haramta shi. An haramta shi a yaƙi tsakanin ƙasashe, wannan gaskiya ne. Amma ɗan sanda a cikin kasuwa yake aiki, da tasha, da layin unguwa. Harsashi mai cikakkiyar rigar jan ƙarfe ba ya buɗewa, yakan ratsa mutum ya wuce da sauran ƙarfinsa, yakan kuma daki kwalta ko bango ya karkata. Mai buɗewa yakan tsaya a jikin wanda aka nufa. Saboda wannan dalili ne 'yan sandan New York suka koma gare shi a ƙarshen shekarun 1990. Na yarda rauninsa ya fi muni. Amma idan har doka ta halatta harbin, bai kamata mai tallar da ke bayan maharin ta biya kuɗinsa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Akwai hujja ɗaya da ba na iya wucewa da sauri. Wanda aka ba harsashi da yawa, da yawa zai harba.

A ranar 4 ga Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu a unguwar Bronx ta birnin New York suka harbi Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, a ƙofar gidan da yake haya. Ba shi da makami, walat ɗinsa ya ciro. Sun harba 41, 19 suka same shi. Biyu daga cikinsu sun juye 16 kowanne. Da libarba ce a hannunsu, iyakar abin da za su iya kafin su tsaya ɗuri 24 ne, kuma wannan tsayawar ta 'yan daƙiƙu wataƙila ta isa mutum ya ga abin da ke gabansa.

Kuma yawancin harsasan ba sa samun wanda aka nufa. Binciken da cibiyar nazari ta RAND ta yi wa rundunar New York ya nuna cewa daga 1998 zuwa 2006, a musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai ke samu. A Agustan 2012, kusa da benen Empire State a New York, jami'ai biyu sun harba 16 kan mutum ɗaya mai bindiga, masu wucewa tara suka ji rauni. Kowane harsashin da ya kuskure sai ya sauka a wani wuri.

Duk da haka ban yarda maganin shi ne a rage wa jami'i harsashi ba. A 1971, lokacin da kowa libarba yake riƙe da ita, 'yan sandan New York sun harbe mutum 93 har lahira. A 2010, da fistol mai cin 15 ko fiye a ƙugunsu, mutum 8 suka kashe. Abin da ya sauya a tsakani shi ne doka. A 1972 rundunar ta taƙaita yanayin da aka yarda a yi harbi, ta hana harbin gargaɗi, ta kafa kwamitin da ke bincikar kowane harbi. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta hana harbin mai gudu wanda ba ya barazana ga ran kowa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 su ma sun ce ba a harbin kisa sai in babu wata hanyar kare rai. Jami'in da ya san zai yi bayanin kowane kwanson da aka tsinta a wurin, yatsansa yana da birki.

Kunama mai sauƙi

A nan ne sharaɗina ya fi nauyi. Kunamar libarba tana yafe kuskure, ta fistol ba ta yafewa. Wanda ya saba ɗora yatsa a kan kunama yana gudu ko yana kokawa, da libarba zai iya tsira, da fistol sai ta tashi. 'Yan sandan birnin Washington sun koma Glock a ƙarshen shekarun 1980 ba tare da isasshen horo ba, jaridar Washington Post ta binciko a 1998 cewa bindigogin sun tashi ba da niyya ba fiye da sau 120 cikin kimanin shekara goma.

New York ta bi wata hanya, ta sa aka ƙara wa kunamar tauri ta kai sama da kilo biyar. Hakan ya rage wani haɗarin ya kawo wani, domin jan kilo biyar a bindigar da ba ta kai kilo ɗaya ba yana karkatar da bakinta. A 2021 suka fara ba sabbin ɗauka kunama mai sauƙi.

Kurakuran sanannu ne, kuma duk ana iya koyar da maganinsu. Yatsa yana miƙe a gefen bindiga har sai an yanke shawarar harbi. Wajen sauke ta, magazin ake fara cirewa, sannan a ja murfi, a leƙa ɗakin harsashi da ido a taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja murfi kafin ya cire magazin, ya bar ɗaya a ciki bai sani ba. Ita Glock kuma sai an ja kunama kafin a kwance ta don wankewa, to ka ga inda masifar take. Kube dole ya zama mai tauri, wanda ya rufe kunama ruf, mai makullin da zai hana a fizge ta, domin bakin riga ko igiya na iya shiga gidan kunama lokacin mayar da ita.

Akwai kuma abubuwan ma'ajiya da ba a cika magana a kansu ba. Inda ake karɓar bindiga da safe a mayar da yamma, harsashi ɗaya ne ke shiga ɗaki yana fita kullum. Kowane shiga yana ɗan tura kansa cikin kwanso, wurin albarushi ya ragu, matsin wuta ya ƙaru. Dole a riƙa ware irin wannan. Mai da yawa yana tara ƙura ya zama laka. Sannan "milimita 9" ba abu ɗaya ba ne: akwai 9×19, akwai 9×18 na fistol ɗin Rasha mai suna Makarov, akwai gajere 9×17. Rundunar da ta tara bindigogi daga ƙasashe daban-daban, kyauta a nan, kwangila a can, wata rana za ta miƙa wa jami'i harsashin da ba na bindigarsa ba.

To, Japan fa?

Ba su yi kuskure ba. Ƙasa ce da bindiga ba ta yawo a hannun jama'a, ɗan sandan unguwa yana iya gama aikinsa har ritaya bai harbi kowa ba. Libarba ƙarama mai cin biyar ta .38, irin New Nambu da wadda ta gaje ta daga Smith & Wesson, ta ishe shi. Jamus ta Yamma kuwa, bayan harin da aka kai wasannin Olamfik na Munich a 1972, ta ga ƙananan fistol ɗinta na milimita 7.65 ba su isa ba, ta yi gwaji ta koma milimita 9. Kowacce ta dubi abin da jami'anta ke fuskanta kafin ta zaɓa.

A Najeriya gardamar ma ba ta kai nan ba tukuna. Ɗan sandan da ke shingen hanya ko bakin banki AK-47 ce a kafaɗarsa, harsashinta yana fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa, yana ratsa ƙofar mota da bulo mai rami. A dajin da ake fama da 'yan bindiga ana buƙatarta. A tsakiyar cunkoson kasuwa kuwa, ko wajen kama mai laifin da ba shi da makami, libarba da fistol duk sun fi ta dacewa nesa ba kusa ba. Kafin a kai ga zaɓar samfuri, ina so masu tsara kasafin 'yan sanda su fara rubuta harsashi nawa kowane jami'i zai harba a filin atisaye a shekara, da wanda zai duba bindigarsa, da wanda zai ƙirga abin da ya dawo da shi ma'ajiya da yamma.